Kafar Allura

Inna ta ɗaga allurar saitin taga, ta kanne ido ɗaya, ta kai bakin zaren daf da kafar, sannan ta kauce da gangan. Ta ja tsaki irin na wadda tsufa ya ci amanarta.

"Idon nan ya gama aiki," in ji ta. "Hoto, zo ka sa mini."

Babban ɗanta, wanda shigowarsa ke nan daga gidan burodin da yake aiki, ya ajiye leda a kan teburin yanka, ya goge hannu a wando, ya sunkuyo. Yatsunsa masu kauri ne, yatsun mai kwaɓa fulawa, allura in ta shiga tsakaninsu sai an yi cigiyarta. Ya lashi zaren, ya murza, ya cusa, zaren ya lanƙwashe. Ya sake, ya kuma lanƙwashewa. Inna kuwa ba ta allurar take ba. Ta matso da fuskarta kamar mai taya shi dubawa, tana shaƙar numfashinsa a hankali, tana auna jan da ke cikin idonsa.

"Yau ma idonka ja wur."

"Tanderu ne, Inna. Tun kafin gari ya waye nake gabansa."

"Uhm," in ji Inna. Da ya sha fama zaren ya shiga, ta karɓi allurar ta soke ta a gaban rigarta, ko ɗinki ba ta yi da ita ba.

Duk layin an san idon Inna lafiya ƙalau yake. Telar da ke hango kalmasar da ta karkace a rigar mai wucewa daga tsallaken titi, ba ita kafar allura za ta gagara ba. Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, kuma macijin da ya sari Inna a ɗakinta ya yi shekaru. Mijinta mai gyaran agogo ne, da sana'ar ma ake kiransa, Mai Agogo. Dogo ne, mai dariya da dukan cinya, mai tafiya yana watsa ƙafa. Yakan fara shan giya da hantsi, ya wuni yana kurɓa, amma ya ɗauki kusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba ya zaunar da ita a cikin agogo, hannunsa ko gezau. Ba a taɓa ganin ya yi tangaɗi ba, ba a taɓa kwaso shi daga kwata ba. Abokan shansa har kirari suke yi masa, wai kansa dutse ne. Kan dai ya yi ƙarko, hantar ce ba ta yi ba. Ya rasu cikinsa a kumbure, idonsa rawaya, ya bar mata yara maza biyu da keken ɗinki.

Tun daga nan Inna ta raba 'ya'yanta gida biyu a zuciyarta. Babban ya kwaso uban kaf: tsayin, dariyar, watsa ƙafar, har yadda yake sosa ƙeya in an tsare shi da tambaya. Maƙwabta suka sa masa Hoto, sunan ya bi shi. Ƙaramin, Auta, ita ya biyo. Siriri ne, shiru-shiru, mai ƙananan yatsu, ko takalmi ba ya ajiyewa a karkace. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka Inna ta san inda za ta sa ido, kuma ba a daɗe ba ta samu hujja. Wata rana suna samari, Auta ya shigo gida riƙe da yayansa, Hoto na amai yana warin giya, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Inna ta sa wa Auta albarka, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar Hoto ba, sannan ta ƙirƙiro dabarar allura.

Yau ga furfura ta fara leƙo wa Hoto a gemu, amma duk yammar da ya biyo ta shagon sai ya sa zare. Shi bai taɓa tambayar dalili ba, ita kuma ba ta ƙara jin warin komai a bakinsa ba sai na yis da gajiya. Wannan bai kwantar mata da hankali ba. Cewa take yi wayonsa ne ya ƙaru.

Suna nan Auta ya shigo, rigarsa fara tas kamar ba daga aiki yake ba. A shagon tabarau yake, shi ke auna idon mutane, ya yanka gilashi ya zaunar da shi daidai. Shi da kansa ya taɓa zaunar da Inna a kujerar awo, ta karanto masa layin ƙarshe na allon tun bai nuna ba, ya yi dariya ya ce ta tashi ta ba masu lalura wuri. Ya san allurar wasa ce, amma yana son wasan.

"Kawo, Inna, in nuna wa Yaya yadda ake yi."

Ya zare zaren daga kafar, ya ɗaga allurar, bai ko lasa ba. Sau ɗaya, zaren ya wuce.

"Ka gani?" in ji Inna. "Hannun mutanen kirki ke nan."

"Shi ai da gilashi yake wasa, ni da buhu nake kokawa," in ji Hoto, hannunsa na ƙeya.

Auta ya ciro minti biyu daga aljihu, ya miƙa wa Inna ɗaya kamar kullum, ya jefa ɗaya a baki a kan wanda yake tsotsa. Inna na son wannan ɗabi'a tasa. Takan gaya wa masu kawo ɗinki cewa autanta kullum bakinsa ƙamshi yake yi.

Kwana biyu bayan haka matar Auta ta zo da ƙunshin kaya. Cikinta ya fito sosai, riguna sun fara matse ta, Inna za ta buɗe mata su. Ta zauna a benci tana kallon surukarta na farke ɗinki da reza, tana amsa hira da e da a'a. Can ta zaro wasu rigunan maza daga ƙasan ƙunshin.

"Inna, waɗannan nasa ne. Ya ce in da hali ku canja musu maɓallai, a sa manya."

"Waɗannan me suka yi? Sababbi ne fa."

"Ƙanana ne. Da safe ba ya iya ɓalla su, sai na ɓalla masa." Ta murza bakin hannun rigarta. "Kuma ba ya karyawa, Inna. Ko shayi ne in ya ɗauka..."

"Ni ya biyo," Inna ta katse ta da dariya. "Ni ma cikina ba ya karɓar komai da safe. Maɓalli kuwa shagwaɓar auta ce, ya samu mai yi masa. Bari jaririn ya iso, za ki ga ya koyi sa rigarsa da kansa."

Matar Auta ta buɗe baki, ta dubi fuskar Inna da ke ta walwala, ta mayar ta rufe. Tsoro take ji, kuma ba ta san ta inda ake fara gaya wa uwa irin wannan magana ba. Inna ta jawo tsohon gwangwanin maɓallai daga ƙarƙashin keke, ta zazzage a cinya, ta tsince wasu manya masu ruwan ƙasa, duk iri ɗaya, har sun ishi rigunan gaba ɗaya. Ta ɗan yi mamakin yadda aka yi take da su da yawa haka, amma aiki na jiranta. Ta faɗaɗa kafofin maɓallan, ta ɗinke, ta goge rigunan ta ninke.

A makon ne tari ya kama Hoto. Ƙurar fulawa kan yi masa haka lokaci-lokaci, amma wannan karon ya ƙi sauka. Mutum ne da ba ya shan magani, sai dai ya sha ruwan zafi ya yi ta fama. Ran nan da suka tashi aiki wani abokin aikinsa ya matsa masa ya tsaya kemis, aka ba shi kwalbar maganin tari. Hoto ba ya yin abu kaɗan. Bai nemi cokali ba, a ƙofar shagon Inna ya kafa kai ya kwankwaɗi kusan rabi, ya shigo yana yamutsa fuska.

Allurar na hannunsa abin ya fara. Kunnuwansa suka ɗau zafi, gumi ya karyo masa, jijiyar wuyansa na harbawa ana gani. Ya ce ɗakin na juya masa. Ya dafa teburin yanka, almakashi ya faɗi ƙasa. Inna ta matso ta shaƙa, sai ga warin da ta shafe rabin rayuwarta tana jiran dawowarsa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Baƙin ciki ya cika ta, amma can ƙarƙashinsa akwai wani abu mai kama da hutu, irin na wanda ya daɗe a tasha motar ta iso.

"Yau dai," in ji ta a hankali. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Inna, magani ne..."

Bai ƙarasa ba ya durƙusa a bakin ƙofa yana kwara amai. Da ta ga numfashinsa ya koma sama-sama, fushin ya ja gefe, uwa ta fito. Ta tsayar da tasi, ta tsinci kwalbar da ta faɗo daga aljihunsa don ta zama shaida, suka nufi asibiti.

Likitar mace ce, ba ta ma kai Hoto shekaru ba, mai magana a nutse. Bayan an sa masa ruwa ya dawo hayyacinsa, ta juya kwalbar a hannunta, ta karanta ƙananan rubutun da ke bayanta.

"Mama, wannan maganin tari ne da gaske. Sai dai akwai barasa a cikinsa, ba mai yawa ba. Wani zai sha abin da ya sha ya tafi harkarsa."

"To shi me ya kayar da shi, in ba a kan wata ya ɗora ba?"

"Jikinsa ne ba ya karɓarta. Barasa in ta shiga ciki, hanta ce ke sarrafa ta. Da farko takan juye ta zama wani abu mai guba, sannan jiki ya narkar da gubar. Wasu mutane jikinsu na da nawa wajen narkarwar, sai gubar ta taru. Kurɓa kaɗan sai zafin fuska, bugun zuciya, amai. Ba ciwo ba ne, halitta ce, kuma gadonta ake yi. Akwai mai irin haka a danginku?"

Inna ta tuna wani maganin ƙarin jini da aka ba ta bayan haihuwar Auta. Cokali ɗaya ta sha ta ji kamar an kifa mata garwashi a fuska, ta wuni a kwance zuciyarta na dukan uku-uku, ta rantse ba za ta ƙara ba.

"Ni," in ji ta.

"To naki ya ɗauko."

"Wannan?" Inna ta nuna ƙaton da ke kwance, ƙafafunsa sun zarce gadon. "Likita, dube shi fa. Ubansa ne sak."

"Kama da wane ba ta wane, Mama. Yaro kan ɗauki hancin uba ya ɗauki hantar uwa." Likitar ta yi murmushi. "Masu irin jikinku ba kasafai giya ke kama su ba, don tun a ƙofa take korar su. Mahaifinsa yana sha ne?"

"Ita ta kashe shi."

"Allah ya jiƙansa. In ya sha, yana saurin buguwa?"

"Shi? Ko kusa. Ya wuni yana sha ya gyara miki agogo." Inna ta ji wani guntun alfahari ya biyo maganar, ta kuma ji kunyarsa.

"Irinsu muka fi ji wa tsoro," in ji likitar, ta ajiye kwalbar. "Wanda kofi ɗaya ke juya wa kai, jikinsa na taka masa burki. Wanda ba ya ji kuwa, sai ya yi ta ƙarawa kafin ya ji abin da wasu ke ji, kuma duk abin da ya zuba hanta ce ke ɗauka. Kafin a ankara jiki ya saba, ba ya zama daidai sai da ita. Wannan ƙarfin kan ma yana bin jini. Ban ce dole ɗa ya zama mashayi don ubansa ya sha ba. Gado wajen rabi ne, sauran rabin abokai ne, da zaman da mutum ya tashi a ciki, da abin da ya zaɓa. Amma wanda ya gada gara ya sani tun da wuri. Kina da wani ɗan?"

"Ina da Auta. Amma shi ba ruwansa, shi ni ya..."

Ta juya ta dubi Hoto. Hoto ya mai da fuskarsa bango, hannun da ba a sa wa ruwa ba ya tafi ƙeya.

Da aka sallame su rana ta yi sanyi. Suka zauna a bencin harabar asibitin suna jiran mota, mai shara na tattara ganye a gefensu. Inna ta bari sai da ya yi nisa.

"Tun yaushe?"

"Inna..."

"Ban tambaye ka ko yana yi ba. Tun yaushe na ce."

Hoto ya dubi auduga da aka manna masa a bayan hannu. "Tun ranar nan da ya riƙo ni gida. Tare muka je gidan abokinsa, tare aka zuba mana. Ni kurɓa biyu na yi na ga lahira kusa, ban ƙara ba har yau. Shi ya shanye nasa, ya shanye nawa, ya ɗora da na mai gidan, sannan ya taso ya riƙo ni. Ko ramin kan hanya shi yake nuna mini."

"Na sa masa albarka ranar."

"Na ji, ai ina kwance a ƙasa."

"Kuma ka yi shiru shekara da shekaru kana sa mini zare."

"In na ce ba ni ba ne, za ki tambayi wane ne. Ke kuma in kika dubi Auta duk fuskarki sai ta washe. Ni na saba da uhm ɗinki, ba ya kashe mutum." Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. "Na yi masa magana har bakina ya gaji. Sai ya ce, Yaya, ka taɓa ganin na yi tangaɗi? Ka taɓa jin na ɓata gilashin wani? Ni kuma ban taɓa gani ba, to me zan ce? Abokansa cewa suke yi kansa dutse ne."

Inna ta rufe ido. Tun rasuwar Mai Agogo ba ta ƙara jin wannan kirarin ba.

"Ina can ina gadin maƙera," in ji ta, "ashe a masaƙa wutar take ci."

Kunyarsa ta kama Inna, kunya mai nauyi, amma bakinta bai saba da ba shi haƙuri ba. Ta miƙa hannu ta kakkaɓe farin fulawar da ya maƙale masa a kafaɗa, ta yi ta kakkaɓewa har bayan ya fita.

"Gobe kada ka je aiki."

"Burodi ba ya gasa kansa, Inna."

"Na ce kada ka je."

Ta koma shago don ta rufe, amma ba ta rufe ba. Ta zauna a gaban keke ta jawo gwangwanin maɓallai. A ƙasansa saura ɗaya daga cikin manyan nan masu ruwan ƙasa. Ta ɗora shi a tafin hannu tana juyawa, sai ta tuna inda suka fito. Daga rigunan Mai Agogo ta cire su kafin ta bayar da kayansa. Ita ta ɗinka masa su a shekarunsa na ƙarshe, saboda da safe hannunsa rawa yake yi, ƙaramin maɓalli ya gagare shi, shayi ya zube masa a cinya. Ba ya buɗe shago sai hantsi, sai ya sha kofin farko hannun ya lafa, daga nan har dare ko gezau. Duniya ta riƙe hannun yamma tana yabo, ita ma da tafiya ta yi tafiya shi ta riƙe. Hannun safe kuwa, wanda ita kaɗai ta gani, ta bar shi ya nutse a ƙasan gwangwani. Duk shekarun nan da yamma take miƙa allura, lokacin da hannun mashayi ya fi na kowa tsayuwa.

Inuwa ta rufe ƙofa. Auta ne, ya ji labarin yayansa ya biyo. Yana sanye da ɗaya daga cikin rigunan, maɓallan ubansa jere a ƙirjinsa daga wuya har ciki.

"Na biya ta gidan Yaya, ya samu barci. Wai maganin tari ne ya kayar da ƙato kamarsa?" Ya yi dariyarsa marar sauti, ya miƙo mata minti. "Yau babu zare, Inna?"

"Na gama ɗinkin yau."

Ta karɓi mintin. Da ya fita ta jefa shi cikin gwangwani ta rufe.

Da sassafe, masu shaguna ba su fara buɗewa ba, Inna ta hau matattakalar gidan da Auta ke haya, tana hutawa a kowace kwana. Matar Auta ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi surukarta, ta dubi allurar da ke soke a gaban rigarta, ta gaishe ta, ta matsa gefe.

Auta na zaune a falo da singileti, rigarsa a kan cinya, hannuwansa biyu matse tsakanin gwiwoyi. Ga kofin shayi a gabansa bai sha ba, amma farantin ƙarƙashinsa ya jiƙe. Babu minti a bakinsa. Inna ta daɗe ba ta ga fuskarsa da safe ba, sai ta ga ta tsufa.

"Inna? Lafiya da sassafe haka?"

"Lafiya lau. Ɗinki ne ya tsaya mini." Ta zauna kusa da shi, ta zare allurar, ta gutsuro zare da haƙori. "Sa mini."

Ya dubi matarsa. Matar ta dubi ƙasa.

"Inna, idonki ya fi nawa. Ni na auna shi."

"Na sani. Sa mini."

"To bari in shiga ciki in wanke fuska, yanzu zan fito." Idonsa ya tafi ƙofar ɗakin kwana.

"Fuskar ta jira. Yanzu nake so."

Ya zaro hannuwan daga tsakanin gwiwoyinsa. Ƙananan yatsun nan, irin nata, da ke zaunar da gilashi ba kuskure, rawa suke yi kamar na mai zazzaɓi. Ya karɓi allurar, ya kai zaren, allurar ta yi gabas zaren ya yi yamma. Ya lasa, ya murza. Ya dafe gwiwar hannunsa a cinya ya sake gwadawa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Sanyin safiya ne," in ji shi, yana ƙoƙarin murmushi.

Inna ba ta ce uhm ba. Allurar ta suɓuce ta faɗi a kan dardumar falon. Ta sunkuya ta tsince ta ba tare da lalube ba, ta mayar masa a hannu.

Ya daɗe yana kallonta. Da ya yi magana, muryarsa ta koma ta yaro.

"Ban taɓa tangaɗi ba, Inna."

"Shi ma bai taɓa ba."

A waje wani ya ɗaga ƙofar shagonsa, ƙarar ƙarfen ta shigo ta taga. Inna ta ɗauki rigar daga cinyarsa, ta shafa maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Waɗannan na ubanka ne. Ni na ɗinka masa, ni na ɗinka maka, da hannun nan." Ta dubi cikin matarsa da ke tsaye a bakin ƙofar kicin, ta dawo da idonta kansa. "Ba zan ɗinka wa na uku ba. Ina jin tsoro, Auta. Na binne ɗaya, ban san yadda ake binne na biyu ba."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba, don hannuwansa na riƙe da allura da zare.

"Na gwada bari. In na kai hantsi ban sha ba, ji nake kamar jikina zai tarwatse."

"Akwai likita mai hankali a inda aka kai yayanka. Ta ce gado rabi ne. Mu je mu ji abin da za a yi da ɗaya rabin."

Ya sake ɗaga allurar saitin taga, zaren na ta kai da komo a bakin kafar. Inna ta ajiye rigar, ta kama wuyan hannunsa na dama da hannunta ɗaya, na hagu da ɗayan, ta riƙe gam. Rawar ta biyo ta hannuwanta har kafaɗa, sannan ta ɗan lafa. A hankali zaren ya sami kafar ya leƙa ta ɗaya gefen.

"Ya shiga," in ji Auta.

"Ya shiga," in ji Inna, amma ba ta sake shi ba.

Matar Auta ta juya ta tafi ɗauko masa takalmi.